Sanyin Ɗaki Tun Yana Hannun Magina

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka danƙa wa wani magini aikin da ko injiniyan yau sai ya kwana yana lissafi kafin ya ce ya karɓa. Ana son masallacin Juma'a wanda zai ɗauke jama'ar birnin Zariya a zama ɗaya, ga shi kuwa Juma'a da rana tsaka ake yin ta, har a bazara, lokacin da ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Babu siminti, babu rodi, balle fanka. Abin da ke gabansa jar ƙasa ce da azara da ruwa da hannun mutane. Sunan maginin Muhammadu Durugu, waɗansu na ce masa Malam Mika'ilu, amma laƙabinsa ya danne sunayen biyu: Babban Gwani. Har yau akwai unguwa a cikin birni da ke amsa wannan suna, zuriyarsa kuma sun daɗe suna riƙe da sarautar Sarkin Magina.

Turawan da suka yi rubutu a kan masallacin, irin su J. C. Moughtin da Zbigniew Dmochowski, wanda ya sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos, sun fi tsayawa a kan kyan bakuna da zanen ginshiƙai. Sun yi gaskiya, abin kallo ne. Ni kuwa da yake da lissafin zafi da sanyin gini nake cin abinci, idona wani wuri yake zuwa. Mutum ɗaya a zaune, jikinsa na fitar da zafi kimanin wat 100. A ce mutum 1000 sun yi sahu a ƙarƙashin rufi ɗaya, an tara kilowat 100 ke nan, kuma kafin a kwashe wannan da na'ura sai an jera iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi wajen 30. Babban Gwani bai san wat ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗaga rufin sama ƙwarai a kan bakuna, yadda iskar da ta ɗumama za ta hau ta bar kan masallata, ya kuma zuba ƙasa mai yawan gaske a bango da ginshiƙai. Wannan tulin ƙasa ya kwana yana shan sanyin dare, saboda haka idan jama'a suka shigo shi ke tsotse zafin jikinsu, kuma kafin ya ƙoshi an sallame an watse.

Ilimin nan bai tsaya a fada da masallaci ba. Kowane magini na unguwa yana da rabonsa a ciki. Ana haƙo ƙasa a kududdufi, a jiƙa, a tattake da ciyawa ko harawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Bango yakan tashi da kauri daga ƙasa, rabin mita ko fiye, yana sirancewa yana hawa. Zafin rana ba ya ratsa irin wannan bango nan take. Sa'o'i masu yawa yake ɗauka, ta yadda zafin azahar ba zai iso cikin ɗaki ba sai dare ya yi. Rufin soro ma haka: a jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a dabe, a bar gangare zuwa indararo. Taga 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi, don a bazara iskar waje ta fi ta ɗaki zafi, wanda ya buɗe mata babbar hanya ya gayyato wuta da ƙura.

Azara ita ce ta yanka wa magina iyaka. Daga gangar giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta, amma idan ta ɗauki nauyin ƙasa ba ta iya tsallake faɗin da ya kai mita 2 ba tare da tallafi ba. Duk dabarun da muke sha'awa a soron Hausa, daga tauyi zuwa baka zuwa ɗaurin guga da ke ɗauke da tulluwa, an ƙago su ne don a faɗaɗa ɗaki da gajeren itace. Faɗaɗawar kuwa ta zo da tsawo, tsawon ya zo da sanyi.

Kada a ɗauka bangon ƙasa ba ya biyan bashin zafin da ya ci. Yana biya, da dare. A watan Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi a Kano kan taɓa 40 da rana, ɗakin soro da ya yi daɗin zama da azahar yakan zama ba ya kwantuwa bayan isha'i. Magabata sun san da haka, shi ya sa gidan bai ƙare a ɗaki ba. Akwai tsakar gida da ake baza tabarmi a kwana, akwai kan soro, akwai rumfa, akwai dakali a ƙofar gida, akwai inuwar durumi ko ceɗiya. Mutum yana bin sanyi ne daga wuri zuwa wuri gwargwadon sa'a: hantsi a rumfa, azahar a zaure, dare a fili. Lungunan cikin birni ma da muke ƙorafin ƙuncinsu yau don mota ba ta shiga, katangun da ke gefensu inuwa suke yi wa juna kusan yini guda. Da hunturu kuma lissafin sai ya juye ya zama riba. A Janairu, da asuba, sanyi kan sauko ƙasa da 15, amma bangon da ya yini yana shan rana shi ke ɗumama masu barci. A ƙara da kaskon garwashi, da gadon ƙasa mai kogo a ƙarƙashi inda ake cusa wuta, wanda tsofaffi da masu jego suka fi amfana da shi. Na tashi na iske irin wannan gado a ɗakin kakata a cikin birnin Zariya, kuma ban taɓa jin an kira shi dabara ba. Gado ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin sana'ar nan shi ne magini ba ya gama aiki. Ginin ƙasa da ruwan sama ba sa ga maciji, don haka duk shekara kafin damina sai an hau soro an duba tsaga, an share bakin indararo, an sabunta yaɓe. Akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ka ga ke nan rini da jima da gini duk sun rataya a wuyan juna. Wanda ya gina maka soro a unguwarku yake, tare kuke salla, ɗansa ke miƙa masa tubali, kuma wannan ɗa shi zai zo yi wa ɗanka yaɓe. Idan ɗaki ya yi yoyo ko ya zama tanda, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A sama da su akwai Sarkin Magina, wanda sarki ke naɗawa, shi ke tara magina idan za a gyara fada ko masallaci ko ganuwa, shi ke raba gardama tsakanin mai gida da magini. Babban aiki kuma gayya ake yi masa, wasu ɗebo ruwa, wasu cuɗa ƙasa, mata su yi abinci.

Turawan mulkin mallaka na farko ba su raina wannan ba, don jikinsu ya gaya musu. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, a gidan ƙasa ya zauna a Nassarawa inda ya buɗe makarantarsa a 1909, gidan kuma yana nan tsaye. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, da ƙasa da azara aka gina ta. Sauyin ya biyo layin dogo ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya riƙa fita da gyaɗa da fata, yana dawowa da kwano da siminti. Kwano ya zo da hujja mai ƙarfi, wadda ba zan yi kamar ban gan ta ba: wanda ya rufa shi ya huta da hawan soro duk shekara, ya huta da fargabar rufi ya rufto masa a watan Agusta. Sannu a hankali ya zama alamar samu, har ana nuna gida a ce mai shi ya yi kwano. Da aka fara yin siminti a gida, a Kalambaina ta Sakkwato a shekarun 1960, da Malbaza a Nijar, sannan Ashaka a ƙarshen shekarun 1970, ga kuɗin mai, ga ƙarin albashin Udoji, sai bulo ya mamaye sababbin unguwanni.

Bulo inci 6 mai rami a ciki ba ya riƙe zafi ya jinkirta shi kamar bangon ƙasa, kwano kuwa ba ya jinkirta komai. Da rana tsaka kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar kusan wat 1000 daga rana, kwanon da kansa yakan wuce 60 a ma'auni. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, rufinsa na shan kilowat 16. Ko kaso kaɗan ne ya sauko ta silin, ya isa ya hana yaro barcin rana. A kan wannan aka ƙara manyan tagogin gilashi masu kallon yamma, aka share bishiyar tsakar gida don a sami filin ƙarin ɗaki, aka malale sauran da siminti.

Makaranta ma ta taimaka. A shekarun 1950 Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan, suka yaɗa salon gini na ƙasashe masu zafi: bango mai ƙofofin iska, tagogi masu zara-zaran gilasai, iska ta shiga nan ta fita can. A kurmi, inda gumi ne matsala, wannan daidai ne. Da aka kwaso shi zuwa inda iska busasshiya ce mai zafi da ƙura, sai ya zama wani abu dabam. Makarantar zanen gini ta farko a Najeriya a Zariya ta zauna tun shekarun 1950, kafin ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tafiyar 'yan mintuna a mota daga unguwar Babban Gwani. Malamai irin su Hamman Tukur Sa'ad sun zauna da magina sun rubuta abin da suka sani, Allah Ya saka musu. Amma abin da ya fito kasuwa daga hannun yawancin ɗalibai bulo ne da kankare.

Sai aka miƙa wa na'ura aikin da bango ya ajiye. Ita wannan na'ura, Willis Carrier ya ƙago ta a 1902 domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, inda laimar iska ke kumbura takarda launuka su ƙi hawa kan juna. Ba ni da faɗa da ita. Ɗakin tiyata, ɗakin ajiye magani, ɗakin kwamfutoci, waɗannan ba bangon da zai wadatar da su. Damuwata ita ce yadda tambayar ta koma. A ɗan ofishinmu, wanda bai wuce mu 'yan ƙalilan ba, mai gida yakan zo ne bayan an gama rufi an yi fenti, ya ajiye zane a tebur ya ce, "Injiniya, doki nawa za a sa a falon nan?" In ce, "Alhaji, da an zo tun ana fitar da harsashi, da rabin dawakan nan ba a saye su ba." Daga nan sai zancen janareto, sai na man da zai sha, yanzu kuma na sola da batura. Talakan da ya kwaikwayi ginin Alhaji ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Shi ya gaji zafin ba tare da maganin ba, kuma tsakar gidan da zai fito ya kwana ta riga ta zama shago.

Mai son ginin ƙasa dole ya dubi ranar 11 ga Agusta, 2023, da idonsa biyu. Ana sallar la'asar wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufta a kan masallata, mutane suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A watan Satumba na 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Wasu sun ce ai ga ƙarshen ƙasa ke nan. Ni abin da na karanta a ciki shi ne ginin da aka yi domin a riƙa kula da shi duk shekara ba ya yafe wa zamanin da ya daina kulawa. Lokacin da sashensa ya rufta, masallacin Zariya ya haura shekara 180. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na kankare, da niyyar kare shi. Kankare na iya tare ruwa daga sama, amma ba ya maye gurbin tsohon da ke shafa bango da tafin hannu ya gane inda danshi ya fara ci.

A Nijar igiyar ba ta tsinke kamar tamu ba. A garin Yama, cikin jihar Tawa, dattawa suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a a 1962, suka ba wa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin. Kowane gida ya kawo abin da ya iya, mai tubali ya kawo, mai ruwa ya ɗebo, mai itace ya saro. A 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema.

Shi wannan Alhaji Falke ya gina wani masallacin a Dandaji, duk a jihar Tawa, kuma a nan ne labarin ya haɗu da irin aikinmu. Masallacin ya tsufa ya lalace, jama'a kuma sun yi masa yawa, aka fara zancen a rushe shi a yi na siminti. Mariam Issoufou Kamara, wadda ta bar aikin kwamfuta ta karanci zanen gini, ta kafa ƙaramin ofishinta Atelier Masomi a Yamai a 2014, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka shiga maganar. Sun zauna da mutanen gari, har da mata da 'yan makaranta, waɗanda ba a saba tambayarsu a zancen ginin masallaci ba. Aka tsaya a kan a mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa mai ɗaukar mutum 1000. Maginan da suka yi aikin tsohon su aka kira su gyara shi. Sabon kuwa da jar ƙasar da ke kusa da garin aka yi shi, amma an matse ta a inji da ɗan siminti kaɗan ta zama bulo mai ƙwari, dabarar da aka fara yaɗawa daga Kolombiya a shekarun 1950. Tun da itacen gini ya yi wuya a yankin, ƙarfe aka sa a cikin ɗakin karatun inda da itace za a sa. Nauyin bango da tsawon rufi da hanyoyin iska su ke riƙe sanyin, ba a sa iyakwandishan ba. Aka haƙa tafkin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina don shayar da bishiyoyin harabar. An gama a 2018, aikin ya ci kyautar LafargeHolcim.

Kyautar ba ita ta burge ni ba. Ofis ƙarami ne ya yi wannan, irin wanda ake da ɗaruruwansa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, kuma ya yi shi ne ta hanyar komawa mazaunin da magini ya bari: ya zama na gari, ya san ƙasar kududdufin, ya bar mutanen da za su iya gyara ginin bayan ya tafi. Babban kamfani ba zai yi haka ba, don ba ya dawowa. Injin matse bulon ƙasa ba baƙo ba ne a Najeriya, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera shi. Abin da ke tare hanya kunya ce. Har yanzu idan ka ce wa mai kuɗi ƙasa, talauci yake ji, kuma takardar izinin gini tana neman hatimin injiniya da na mai zane, babu gurbin Sarkin Magina a jikinta.

Mu a namu ƙaramin ƙarfin, da wata islamiyya ta unguwarmu muka fara. Kwamitin iyaye sun tara kuɗi za su sayi iyakwandishan biyu, don yara na galabaita a darasin la'asar, alhali layin unguwar ba ya samun wutar da za ta juya su. Muka roƙi a ba mu kuɗin mu gwada wata hanya, aikinmu kuma kyauta. Na je na ɗauko wani tsohon magini da ya daina samun aiki, na ce, "Baba, zo ka duba mana." Bai kalli rufi ba tukuna, bangon yamma ya dafa, ya ce, "Ɗana, nan wutar take shigowa." Aka shafa wa kwanon farin fenti, aka sa silin da abin tare zafi a bayansa, aka huda ƙananan kafofi a sama ƙarƙashin rufi, aka kafa rumfar zana a yamma, aka dasa darbejiya a jere, kowane aji da bishiyarsa da zai riƙa ba ruwa. Ajin bai zama kamar ofishin banki ba, amma yara sun daina barci a kan allo. Baba ya ce rumfar ta wucin gadi ce, abin da bangon ke so shi ne a jingina masa wani na tubali daga waje, a yaɓe da makuba, kuma ya yi alkawarin zai koya wa manyan ɗalibai biyu yadda ake yi. Kwamitin sun amince. Ana jiran a gama biyan kuɗin zangon nan a sayi jakunan ƙasa kafin ruwa ya sauka.